Komawar Wilfred Ndidi Besiktas: ci baya ya yi, ko makara?

Bagobiri_06:
Assalamu alaikum. Tun ranar da aka tabbatar cewa Wilfred Ndidi ya bar Leicester City ya rattaba hannu a kwantiragi da Besiktas ta Turkiyya nake sauraren maganganun mutane, kuma mafi yawansu cewa suke yi ya yi ci baya, wasu ma suna magana a kansa kamar wanda ya yi ritaya. Ni a ganina an ajiye tambayar da ta kamata a yi, an ɗauki wata. Tafiyar da ya yi a watan Agustan 2025 ba ta da aibu, domin ɗan wasa mai shekara 28 wanda ƙungiyarsa ta faɗo daga gasar Firimiya sau biyu cikin kaka uku ba shi da hujjar ci gaba da zama. Abin da ke damuna shi ne shekaru huɗun da ya ƙara a Leicester bayan sun ɗauki kofin FA a 2021. A wancan lokacin babu babbar ƙungiyar da za ta ji kunyar sa shi a tsakiyar filinta, amma ya zauna har darajarsa ta zube, yau ga shi an sayar da shi a kan kuɗin da rahotanni suka ce yuro miliyan 8 ne, wanda bai kai rabin abin da Leicester ta biya Genk ba lokacin yana ɗan shekara 20. Ina so in ji ra'ayin 'yan'uwa: makara ya yi, ko kuwa ni ne nake auna shi da ma'aunin da ba nasa ba?

DanFagge77:
Wa alaikumus salam. Ni ban ga abin da ya rage masa a Ingila ba. Mutumin da ya ci gasar Firimiya da Leicester, ya ci kofin FA, me kuma ake so ya yi? A bar shi ya je ya nemi na kansa.

Mai_Lissafi:
Ɗan'uwa DanFagge77, a nan akwai ɗan gyara. Ndidi ba ya cikin tawagar da ta ci gasar Firimiya a 2016. A watan Janairun 2017 ya zo daga Genk ta Beljiyam, watanni bayan N'Golo Kanté ya koma Chelsea, kuma giɓin da Kanté ya bari ne aka kawo shi ya cike, domin Nampalys Mendy da aka fara sayowa daga Nice ya ji rauni tun farkon kakar. Bai fi makonni da zuwa ba aka sallami koci Claudio Ranieri, Craig Shakespeare ya karɓa, kuma a ƙarƙashinsa ne suka fitar da Sevilla a Gasar Zakarun Turai kafin Atletico Madrid ta cire su a zagayen ƙungiyoyi takwas. Kofunan da ya ɗauka da Leicester su ne kofin FA na 2021, da Community Shield na wannan shekarar wanda Kelechi Iheanacho ya ci Manchester City da bugun fenareti, sai kuma gasar Championship, wato rukuni na biyu na Ingila, ta 2024. Ya buga musu wasa sama da 300 cikin shekara takwas da rabi.

DanFagge77:
Na gode da gyara, Malam. Ahmed Musa ne ya rikita ni, na ɗauka tare suka je, ashe shi ma bayan an ci kofin ya zo daga CSKA Moscow.

Alhaji_Tsoho94:
Yara, ku ba ni dama in tuna muku wani abu da na ga babu wanda ya ambata. Wannan hanya da Ndidi ya bi ba sabuwa ba ce, Daniel Amokachi ya riga shi binta kusan taki da taki. Amokachi ya tashi daga Ranchers Bees ta Kaduna zuwa Club Brugge ta Beljiyam, daga nan Everton ta saye shi bayan Gasar Cin Kofin Duniya ta 1994, ya ci kofin FA da su a 1995 bayan ya zura wa Tottenham ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe, sannan a 1996 ya koma wannan Besiktas ɗin da muke magana a kanta. Beljiyam, Ingila, kofin FA, Besiktas. A shekarar da ya koma can ne kuma ya ci zinare da Najeriya a wasannin Olamfik na Atlanta. Ban taɓa jin wani a zamaninmu ya ce Amokachi ya yi ci baya ba, domin a lokacin ba mu ɗauki gasar Ingila a matsayin ma'aunin komai da kowa ba. Jay-Jay Okocha ma a Fenerbahce ya yi shekara biyu, kuma daga can ne PSG ta saye shi a 1998. Gidajen kallo ne suka zo daga baya suka koya muku cewa wanda ba ya fitowa a talabijin ranar Asabar da yamma ya ɓace.

Bagobiri_06:
Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, wannan kwatanci ya burge ni. Sai dai Amokachi yana ɗan shekara 23 ya je Turkiyya, Okocha ma bai kai haka ba, saboda haka a wurinsu Turkiyya zango ce a kan hanya. Wanda ya je yana da shekara 28 da kwantiragin shekara uku, da wuya wata babbar ƙungiya ta sake waiwayarsa.

Kociyan_Unguwa:
Ni shekara goma sha ɗaya ke nan ina horar da yara, kuma kafin nan lamba shida na buga, wato ɗan tsakiya mai tsare gaban masu tsaron baya, har gwiwata ta hana ni, don haka ina so in yi magana a kan aikin kansa, tun da shi ne ke bayyana dalilin da ya sa manyan ƙungiyoyi ba su zo ba. Ndidi mai tsaron baya ne asalinsa. A haka ya tashi a makarantar ƙwallo ta Nath Boys a Legas, a haka Genk ta ɗauke shi a 2015, daga baya ne suka matsar da shi tsakiya. Wannan tarbiyya ta ba shi abin da ba kowa ke da shi ba: yana karanta inda ƙwallo za ta faɗa, yana da dogayen ƙafafu da yake zura su daga gefe ya zare ƙwallo ba tare da ya kayar da mutum ba, kuma yana cin ƙwallon sama. Kaka biyu a jere, 2017/18 da 2018/19, babu wanda ya kai shi yawan ƙwace ƙwallo a gasar Firimiya.

Amma a daidai waɗannan shekarun ne aikin lamba shida ya sauya a manyan ƙungiyoyi. Ƙungiyar da ke riƙe ƙwallo kashi biyu cikin uku na wasa ba ta da buƙatar mai ƙwacewa sosai, abin da take nema shi ne wanda zai karɓi ƙwallo daga mai tsaron raga yana juya wa abokan hamayya baya, mutum biyu na kansa, ya juya da ita a taɓawa ɗaya ya tura ta gaba. Wannan shi ne aikin da Manchester City ta sayo Rodri daga Atletico Madrid a 2019 domin ya yi, kuma shi ne ya kai shi ga Ballon d'Or a 2024. Ndidi yana ba da ƙwallo lafiya lau idan gajera ce kuma babu matsi, amma idan aka matsa masa yakan mayar da ita baya ko gefe. A Leicester ba a ga wannan ba saboda Youri Tielemans yana gefensa yana yin rabon, James Maddison kuma yana gabansu. Ina yawan gaya wa yarana cewa wanda ya ƙwato ƙwallo rabin aiki ya yi, kuma na sha ganin yaro mai ƙarfi da zuciya ya tsaya wuri ɗaya saboda bai koyi ɗaga kai kafin ƙwallo ta iso shi ba.

Ummu_Khalil:
Malam Kociya, na fahimci bayaninka, amma ina da ja a kansa. Idan da gaske manyan ƙungiyoyi sun daina sayen masu ƙwace ƙwallo, me ya kai Bayern Munich ga João Palhinha na Fulham a 2024, alhali shekarunsa sun kai 29 kuma da ƙwacewa aka san shi? Manchester United ma ta zuba kuɗi masu yawa a kan Casemiro a 2022 yana da shekara 30. Idrissa Gueye ya bar Everton zuwa PSG a 2019, shi ma irin wannan aikin yake yi. Kasuwar tana nan, sai dai ko ba ta faɗo kan Ndidi ba.

Kociyan_Unguwa:
Hajiya, misalanki masu ƙarfi ne, ban musa ba. Amma ki duba ƙarshen labarin Palhinha: kaka ɗaya ya yi a Bayern, mafi yawanta a benci ko a jinya, kuma a watan Agustan 2025 aka ba Tottenham aronsa. Casemiro kuwa ya zo ne da kofin Zakarun Turai biyar a hannunsa, sunan aka saya tare da mutumin. Gueye ne kawai zan sallama miki ba tare da gardama ba.

Mai_Lissafi:
Ina ganin akwai abin da Bagobiri_06 ya tsallake a tambayarsa ta farko, wato cewa barin ƙungiya ba a hannun ɗan wasa kaɗai yake ba. A 2018 Ndidi ya sa hannu a kwantiragin shekara shida, wanda zai kai shi 2024, kuma Leicester ta wancan lokacin ba ta sayar da kowa da araha. Riyad Mahrez ya tafi Manchester City a kan fam miliyan 60, Harry Maguire ya tafi Manchester United a kan fam miliyan 80, daga baya Ben Chilwell da Wesley Fofana suka tafi Chelsea a kan kuɗi masu nauyi. Kusan duk shekara mutum ɗaya take sayarwa, kuma sai an biya abin da ta yanka. Shekarun da Ndidi ya fi tsada, wato 2020 da 2021, su ne kuma shekarun da annobar korona ta rufe filaye ta busar da asusun ƙungiyoyin Turai, har manyan Sifaniya da Italiya suka koma neman aro da 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare. Wa zai fitar da irin kuɗin da Leicester za ta nema a kan lamba shida a irin wannan yanayi? Ba na cewa shi ba shi da nasa kason, amma kalmar makara tana nuna kamar akwai motar da ta tsaya tana jiransa ya ƙi shiga.

Zazzagawa_Forever:
Kuma kada a manta da rauni. Ni magoyin bayan Leicester ne tun kakar 2016, kuma na tuna sarai yadda kakar 2019/20 ta juya. Muna na biyu a teburi lokacin da aka yi masa aiki a gwiwa a watan Janairun 2020, daga nan ƙungiyar ta fara zubar da maki, har muka kai ranar ƙarshe Manchester United ta ci mu 2-0 a gida muka ƙare na biyar. Kakar da ta biyo baya ya fara ta ne a matsayin mai tsaron baya saboda ƙarancin mutane, bai yi nisa ba aka sake yi masa aiki ya yi watanni yana jinya. A 2022 ma rauni ne ya hana shi buga wasan kusa da na ƙarshe da Roma a gasar Conference. Duk ƙungiyar da ke son sayen ɗan wasan da ƙafafunsa ne jarinsa, likitocinta za su fara duba wannan tarihin kafin a yi maganar kuɗi.

Bagobiri_06:
Na karɓi maganar korona da ta rauni, sun rage ƙarfin hujjata a kan 2021. To amma 2023 fa? Da ƙungiyar ta faɗi, Maddison ya tafi Tottenham, Harvey Barnes ya tafi Newcastle, Tielemans ya tafi Aston Villa a kyauta, shi kuwa ya bi ta rukuni na biyu. Sannan 2024 fa, da kwantiraginsa ya ƙare, yana da damar zuwa duk inda ya ga dama ba tare da an biya ko sisi ba? Iheanacho ya tafi Sevilla, shi kuma ya sake sa hannu na shekara uku. Wannan karon ba Leicester ce ta riƙe shi ba, shi ya zaɓa.

Zazzagawa_Forever:
Ɗan'uwa Bagobiri, wannan kakar ta rukuni na biyu da kake gani kamar asara, ni ita ce na fi jin daɗin kallonsa a cikinta. Koci Enzo Maresca ya ɗauko Harry Winks ya ba shi lamba shida, ya ce wa Ndidi ya matsa gaba ya buga lamba takwas ta ɓangaren dama, Kiernan Dewsbury-Hall kuma ta hagu. Da farko mun yi ta dariya, muna cewa an sa maƙeri ɗinki, sai ga mutumin yana kutsawa cikin da'irar abokan hamayya, yana cin ƙwallo, yana bayarwa a ci. Suka ɗauki gasar da maki 97. Wanda ya yi irin wannan kaka, ƙungiyarsa ta dawo Firimiya, iyalinsa suna zaune lafiya a garin da ya shafe shekara bakwai, ban ga laifinsa ba don ya sabunta. Ba shi da hanyar sanin cewa kakar da ke tafe za ta lalace haka, a sallami sabon koci Steve Cooper tun watan Nuwamba, Ruud van Nistelrooy ya zo ya yi rashin nasara tara a jere a gida ba tare da cin ko ƙwallo ɗaya ba. Maresca ma da ya gyara shi ya riga ya tafi Chelsea.

Mai_Lissafi:
Ai jimlarka ta ƙarshe ce hujjar Bagobiri. Maresca ya tafi tun watan Yuni, Ndidi kuwa a Yuli ya sabunta, ke nan ya san kocin da ya fito da shi ba ya nan.

Dalibi_a_Istanbul:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni karatu ya kawo ni Istanbul, shekara ta uku ke nan, kuma ina so in faɗi abin da idona ya gani, domin masu cewa ci baya suna magana ne kamar Besiktas wata ƙaramar ƙungiya ce. An kafa ta tun 1903, tana cikin manyan uku na ƙasar tare da Galatasaray da Fenerbahce, filinta yana bakin mashigin ruwan Bosphorus kusa da fadar Dolmabahce, yana ɗaukar mutum sama da 40,000. Sau ɗaya na shiga kallo, kuma na fito kunnena yana ƙara har washegari. Mikiya ce alamar ƙungiyar, saboda haka ɗan Super Eagles bai yi nisa da gida ba.

Sai dai akwai abin da ya kamata a sani. A Leicester, idan aka ƙare na goma a teburi babu wanda zai hana ka barci. A nan kuwa ƙungiyar ba ta ci gasar ƙasa ba tun 2021, Galatasaray ta ɗauka sau uku a jere daga 2023 zuwa 2025, kuma magoya baya ba su da haƙuri ko kaɗan. Ɗan wasan da aka tarba a filin jirgi da waƙoƙi zai iya shan ihu bayan wata biyu. Jaridun wasanni da shirye-shiryen talabijin na dare ba su da wani aiki sai tattauna kuskuren mutum ɗaya na awa uku. Ta fuskar matsin lamba, ni ina ganin ya ƙara hawa ne, domin karon farko ke nan a rayuwarsa da zai buga wa ƙungiyar da ake tilasta wa cin kowane wasa.

DanFagge77:
Ƙanena, yaya maganar albashi? Mun sha jin 'yan wasa suna kai ƙarar ƙungiyoyin Turkiyya saboda rashin biya.

Dalibi_a_Istanbul:
Yaya, hakan yana faruwa, ba ƙarya ba ne, kuma ƙungiyoyin ƙasar da dama suna fama da bashi. Darajar lira ta zube ƙwarai a shekarun nan, amma 'yan wasan waje galibi da yuro ake ƙulla musu kwantiragi, don haka faɗuwar ba ta cin albashinsu kai tsaye, ƙungiyar ce take ji a jikinta tun da kuɗin tikiti da na talla da lira suke shigowa. Duk da haka a 2025 ne Galatasaray ta biya Napoli yuro miliyan 75 a kan Victor Osimhen, abin da ba a taɓa yi ba a ƙasar. Besiktas ita ma ta kawo Orkun Kökçü daga Benfica da Tammy Abraham daga Roma.

Alhaji_Tsoho94:
To ga shi nan, yaro ya faɗa muku. Osimhen da kuke kira gwarzon Afirka yana wannan gasar, Paul Onuachu yana Trabzonspor, ban ji kun ce sun yi ritaya ba.

Ummu_Khalil:
Alhaji, da girmamawa, an faɗa. Mutane da yawa sun yi ta ƙorafi a kan Osimhen fiye ma da yadda suke yi a kan Ndidi. Bambancin shi ne Galatasaray ta sami gurbin Gasar Zakarun Turai ta kakar 2025/26, Besiktas kuwa Shakhtar Donetsk ta riga ta fitar da ita daga wasannin neman gurbin Europa tun kafin Ndidi ya iso.

Ni wani ɓangare ne nake so a duba, wanda masu kallo ba su cika damuwa da shi ba. Wannan mutumin ɗan soja ne da ya tashi a bariki a Legas, ya bar gida yana ɗan shekara 18, kuma yana tsakiyar tashensa a Firimiya ya shiga Jami'ar De Montfort da ke Leicester yana karatun kasuwanci. Wanda ya yi haka ba mai yanke shawara da ka ba ne. Mu muna auna rayuwarsa da sunan ƙungiyar da ke kan rigarsa, shi kuwa wataƙila yana auna ta da inda zai buga kowane mako, da inda iyalinsa za su natsu, da abin da zai tara kafin ƙafa ta gaji. Ƙanena ya taɓa zuwa gwaji wata ƙungiya a ƙasar waje, wakilin da ya kai shi ya yi masa alkawarin babbar ƙungiya ya hana shi sa hannu a ƙaramar da ta so shi, ƙarshe ya dawo ba ko ɗaya. Tun daga lokacin na daina raina ɗan wasan da ya riƙe abin da ke hannunsa.

Sarkin_Tsakiya:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ina so in kawo John Obi Mikel, domin shi ne ya sami abin da Bagobiri_06 yake yi wa Ndidi kwaɗayi. Mikel ya tafi babbar ƙungiya tun yana yaro, ya yi shekara goma da rabi a Chelsea, ya ci Firimiya, ya ci Gasar Zakarun Turai a 2012. Amma har yau 'yan Najeriya suna kukan cewa an kashe musu lamba goma, yaron da ya zo na biyu bayan Lionel Messi a gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta 2005, José Mourinho ya mayar da shi mai share fage a gaban masu tsaron baya. Wato wanda ya je babbar ƙungiya mun ce an rage shi, wanda bai je ba mun ce ya rage kansa. Mikel ɗin ma da ya bar Chelsea a Janairun 2017, watan da Ndidi ya iso Ingila, Sin ya tafi yana da shekara 29, daga baya ya biyo ta Trabzonspor. Idan aka kwatanta, Ndidi bai yi nisa da Turai kamar yadda Mikel ko Kanté da ya tafi Al-Ittihad ta Saudiyya suka yi ba.

Bagobiri_06:
Malam Sarkin_Tsakiya, ni da za a ba ni zaɓi tsakanin rayuwar ƙwallon Mikel da ta Ndidi, ba zan yi dogon tunani ba. Kofin Zakarun Turai ba ya tsufa. Kukan lamba goma kuwa namu ne na 'yan kallo, ban tsammanin shi yana yin sa idan ya dubi lambobin yabonsa.

Kociyan_Unguwa:
Ni abin da ya fi damuna yanzu shi ne Super Eagles. A watan Agustan 2025 muna da maki 7 a wasa shida na neman gurbin Kofin Duniya na 2026, Afirka ta Kudu tana da 13, ga Ruwanda da Afirka ta Kudun suna jiranmu a watan Satumba. Koci Eric Chelle yana son tsakiya mai mutum huɗu, ɗaya a ƙasa yana tsare gida, kuma babu wanda ya fi Ndidi dacewa da wannan kujerar. Da ya zauna a rukuni na biyu na Ingila, wasa 46 zai buga na gudu da karo, ga tarihin rauninsa. Mun ga abin da ya faru a gasar Afirka ta Kodebuwa, rauni ya hana shi zuwa aka kira Alhassan Yusuf ɗan Kano ya maye gurbinsa, kuma a wasan ƙarshe da muka sha kashi 2-1 tsakiyar fili ce ta kuɓuce mana, Franck Kessié da Seko Fofana suka yi yadda suka so. Ga kuma wata gasar Afirka a Maroko a watan Disamban 2025. Ta wannan fuskar gasar Turkiyya mai ƙungiyoyi 18 ta fi masa sauƙi a jiki.

Mai_Lissafi:
Gaskiya ne a kan yawan wasanni, 34 ne a Turkiyya. Amma tambayar da ban ga an amsa ba ita ce wace lamba kocin Besiktas, Ole Gunnar Solskjaer, zai ba shi. Gedson Fernandes ya tafi Spartak Moscow, Kökçü mai rabon ƙwallo ne, saboda haka bisa ga alama lamba shida zai koma, Kökçü ya zame masa abin da Tielemans ya zame masa a Leicester. Idan haka ta kasance, an mayar da shi yanayin da ya fi yin fice a ciki.

Dalibi_a_Istanbul:
Na dawo wannan zaren ne saboda abin da na faɗa kwanakin baya a kan rashin haƙuri ya tabbata tun kafin a je ko'ina. Lausanne ta Suwizalan ta zo har gida ta ci Besiktas 1-0 ta fitar da ita daga neman gurbin gasar Conference, kuma a daren aka sallami Solskjaer. Washegari Fenerbahce ita ma ta sallami Mourinho bayan Benfica ta cire ta. Ke nan Ndidi bai cika wata guda ba kocin da ya kawo shi ya tafi, kuma babu wasan Turai a kakar 2025/26 gaba ɗaya. Sergen Yalçın, wanda ya ci musu gasar 2021, shi ne ya dawo.

Bagobiri_06:
Inna lillahi. To Malam Mai_Lissafi, lissafinka na Solskjaer ya rushe, sai a sake sabo.

Mai_Lissafi:
Bai rushe duka ba, domin 'yan wasan tsakiyar ba su canza ba, kuma duk kocin da ya zo zai tarar da buƙatar mai tsare wa Kökçü da Rafa Silva baya. A 2021 ma Sergen da irin wannan mutumin ya ci gasar, Josef de Souza a ƙasa, Atiba Hutchinson a gefensa. Ƙanenmu na Istanbul, idan an dawo daga hutun wasannin ƙasashe ka duba mana ko shi kaɗai ake bari a gaban masu tsaron baya ko su biyu ne, domin a talabijin ba a cika ganin wannan da kyau ba.